Sunan da Ya Guje wa Baba Bishop

Kowa ya san Baba Bishop da abu guda: ba ya manta suna. Tun yana ƙaramin fasto a cocin da kwanonsa ke yoyo, har ya riƙe sandar makiyayi, bai taɓa yarda a miƙo masa takardar sunaye ranar tabbatarwa, wato ranar tabbatar da yara cikin bangaskiya, ba. Yaro zai durƙusa, ya ɗora masa hannu a ka, ya kira sunansa tiryan-tiryan, wani har da na ubansa.

To, tsufa ba shi da kunya. Bana sunaye suka fara sulale masa. Tsoro ya kama shi, amma ko 'yarsa bai gaya wa ba. Wannan ce tabbatarwarsa ta ƙarshe kafin ya ajiye aiki, kuma cikin yaran akwai jikarsa, wadda aka sa wa sunan marigayiya matarsa.

A ɗakin sa kaya 'yarsa ta gyara masa wuyan riga. Ai ta daɗe da lura.

"Baba, bari in tsaya kusa, in riƙa raɗa maka."

"Ke, raba ni! Yau na fara?"

Ya fita, hula a ka, gumi na bin bayansa. Da ƙyar da jiɓin goshi ya wuce yaran farko. Sai ga jikar ta durƙusa, tana danne dariya, ita da kullum yake tsokana wai ta cika surutu. Ya ɗora hannu. Ya buɗe baki.

Wayam.

Mawaƙa suka yi tsit. Fanka kaɗai ke ƙara. Wayyo Allah, ko na wa zai ɓace, ban da wannan!

"Kaka," jikar ta raɗa, "sunan matarka ne fa."

Ga matar a idonsa sarai: wushiryarta, yadda take goge masa wannan rigar tana mita, tarin da ya tafi da ita. Komai ya zo, sunan ya ƙi.

Ya ɗaga murya.

"Ya Ubangiji, ka tabbatar da baiwarka wannan. Kai ka san sunanta."

Jama'a suka amsa da amin mai ƙarfi, har wasu na gyaɗa kai, wai Baba ya zo da sabuwar hikima. 'Yarsa ce kawai ta toshe baki da gyale. Shi kuwa bai ɗauke hannunsa ba, yana nan tsaye yana nema.