Pandu Ya Kai Matarsa Tsibirin Mwamba

Shekara talatin da biyu Pandu ya yi yana aikin gidan waya a Tabora, garin da ko kogin kirki babu, kuma duk wanda ya zauna da shi sa'a guda sai ya ji labarin tsibirin Mwamba. Yashinsa fari fat kamar garin shinkafa. Wai yana yaro a can yake wuni yana ninƙaya, yana kamo pweza da hannunsa, wannan halittar teku mai hannu takwas da mutanen Pemba ke dafawa da kwakwa. Matarsa Nyamizi, haifaffiyar Tabora, ta ji labarin har ta haddace. In ya tsallake wani wuri ita ke tuna masa.

Sun sha zuwa Pemba, mahaifar Pandu, biki da ta'aziyya, amma kullum sai an sami abin da ya hana ƙetarawa zuwa Mwamba. Da ya yi ritaya ta ce, "Baban Zuhura, uzuri ya ƙare. Ka kai ni in ga Mwamba tun gwiwoyina ba su ƙi ni ba."

Ya ce da nisa. Ya ce iskar bana ba ta da kyau. Ita dai ta haɗa kaya.

Da suka isa Pemba, yayarsa Mwatima ce ta tarbe su. Ta haura saba'in, amma har yanzu kamun pweza ne sana'arta, kuma mijinta Faki yana da kwalekwale mai inji. Da hantsi suka tashi su huɗu. Pandu ya miƙe a goshin jirgi yana nuna wa matarsa gabas da yamma. Ba a yi rabin sa'a ba ya zauna. Can kuma sai ga shi ya rataye kai a gefen jirgi.

"Auta," in ji Mwatima, "kifayen kake gaisarwa?"

"Zurfin ruwa nake dubawa, Yaya."

"To, duba da kyau. Karin kumallon naka ma ya tafi dubawa."

Da suka iso, ruwa ya janye. Baƙaƙen duwatsu ne ko'ina, masu kaifi kamar haƙoran zarto, ƙaguwa na ta tsere a tsakaninsu. Can a wani lungu akwai ɗan yashi da bai fi shimfiɗar tabarma uku ba.

Nyamizi ta duba dama, ta duba hagu. "Baban Zuhura, ina yashin?"

"Teku ta cinye shi. Ai da har can ya kai."

"Tun ina 'yar shekara shida haka na san shi," in ji Mwatima. "Sai dai ko kafin a haife ni ta cinye."

Matan suka sa takalman roba masu kauri. Pandu kuwa ya tuɓe nasa, ya ce ɗan wurin nan ba ya buƙatar takalmi. Taku uku ya yi. A na huɗu ya sauke ƙafa a kan wata baƙar halitta mai ƙaya kamar bushiya, ya ƙwala salatin da ya tashi tsuntsayen tsibirin gaba ɗaya. Faki ya tallabe shi zuwa inuwar wani dutse, ya ciro ƙayoyin da suka ciru, ya matse masa lemon tsami a kan sauran.

Mwatima ta tsaya a kansa, hannu a ƙugu. "Amaryarmu, bari in gaya miki. Sau biyu Baba ya kawo shi nan. Na farko wata 'yar mitsitsiyar pweza ta nannaɗe masa hannu, ihunsa har a Pemba aka ji. Na biyu ya ƙi saukowa daga jirgi. Ranar Baba ya ce wannan a kai shi makaranta kawai."

Pandu ya sunkuyar da kai, yana jiran abin da matarsa za ta ce.

"Ai na sani, Yaya," in ji Nyamizi. "Mutumin da ke kirana in kashe masa kyankyaso? Tun shekarar farko na gane."

Ya ɗago. "Kin gane, kika bar ni ina ta zuba?"

"To ka iya ba da labarin. Kuma in kana ba da shi fuskarka takan saki."

Ta karɓi tsinken ƙarfe a hannun Mwatima, ta ɗaure zanenta a gwiwa, suka shiga cikin duwatsu. Pandu ya zauna yana gadin takalmansa. Da farko kunya ta hana shi kallonsu. Amma da ya hango matarsa, wadda ko rijiya ba ta son leƙawa, tana tsalle daga dutse zuwa dutse tana dariya, sai ya manta da ƙafarsa.

"Ba wannan ramin ba!" ya ɗaga murya. "Wancan, mai ɓawon ƙaguwa a bakinsa! Zura a hankali! In ta kama tsinken kada ki fizga!"

Ta bi abin da ya ce. Ba a jima ba ta ɗago pweza, hannayen nan sun nannaɗe ta har gwiwar hannu, tana ihu tana dariya ta ƙi saki.

"Ka ji shi," in ji Mwatima. "Da baki ai ya fi ni iyawa."

Suka hura wuta a ɗan yashin nan, suka dafa ta da kwakwa da barkono, suka ci da rogo. Pandu ya ci ya ƙara. Nyamizi ta ce gobe ma za ta biyo Yaya. Shi kuwa ya ce ƙafarsa tana buƙatar hutun mako guda, ko biyu.

Da ruwa ya kawo, matan suka yi gaba da kwanuka. Faki ya tsaya ya ba Pandu kafaɗa, suna tafe a hankali. Sai ya rage murya.

"Ni ma fa ban iya ninƙaya ba," in ji shi. "Shekara arba'in ina tuƙa jirgi. Yayarka ba ta sani ba."

Pandu ya dubi Mwatima da ke gaba tana ta nuna wa matarsa ramuka, ya dubi surukinsa cike da tausayi. "Yaya Faki, wallahi ta sani."

Da suka kai bakin jirgi, Faki ya ce, "Shi ya sa ba ta barina in fita ni kaɗai."