Igiya a Hannun Malam Attahiru

Kwana tara Malam Attahiru ya yi bai kai loma bakinsa ba, sai a na goma ɗansa Mannir ya ga damar kiran yayarsa Lantana a waya ya gaya mata. Haka maza suke da labarin ciwo, sai abu ya kusa fin ƙarfinsu sannan su tuna suna da 'yar'uwa.

Lantana na aure a Bungudu, inda kowa ya san ta da ɗinkin hula. Wata guda kafin nan ita ta yi jinyar mahaifin nasu a asibiti a Gusau, lokacin da hawan jini ya kayar da shi a bakin gona, ya shanye masa ɓarin dama. A can yana karɓar abinci a baki, don ya ce a asibiti kowa jariri ne. Da aka sallame shi, likita ya ce a kula da cinsa, maganin ba ya son cikin da babu komai. Ta koma ɗakinta da kwanciyar hankali, ashe ba ta san abin da ta baro ba.

Ta ajiye hular da take kai, ta hau mota zuwa Gusau, ta sake wata zuwa Tsafe. Damina ta yi kyau, gero ya rufe gefen hanya, direba kuwa sai gudu yake, don a wannan hanya kowa so yake ya isa da rana tsaka. Daga Tsafe ɗan mashin ya kai ta ƙauyensu, gab da Bilbis. Ana kiran azahar ta yi sallama.

Mahaifiyarta Inna Jummai ta tare ta a bakin madafa, idonta ya faɗa.

"Ba shi ci, Lantana. In na kai mai loma shi kau da kai, shi ce shi ba jinjiri ba ne cikin gidanai. Kunu ma kurɓa biyu shi ka yi. Liman Sama'ila yaz zo har sau ukku, yac ce mai lalura na, shi ci da hagun, Allah na ganin halin da shi ke ciki. Shi gyaɗa kai, Liman na hita shi koma ga abinai."

"Wane abu, Inna?"

"Shiga ki gani. Ni bakina ba shi hwaɗi."

Yana zaune a kan tabarma a rumfar ƙofar ɗakinsa, an jingina shi da bango. Mutumin da ke ɗaukar buhun dawa shi kaɗai ya koma kamar kara a cikin riga. Hularsa ta Juma'a na kansa, mai zare shuɗi, wadda ta ɗinka masa shekara shida da suka wuce. Ga kwanon tuwo a gabansa an buɗe, ƙuda na zagaye. Hannun dama na kwance a cinyarsa, ya zuba masa ido kamar mai jiran baƙo. Shi kuwa na hagu, mai lafiyar, an ɗaure shi ta baya da igiyar akuya, an zagayo da ita ƙugunsa.

Lantana ta tsaya cak. Ta san wannan ɗaurin. Ta san inda ƙullin ke zama, ta san yadda igiyar ke ci in mutum ya motsa.

Tana da shekara biyar aka yi mata shi. Bahaguwa aka haife ta, Malam Attahiru kuwa ya tashi a gidan da ake cewa duk yaron da ya fito bahago, aljani ne ya riga iyayensa kama masa hannu. Ya haɗa wannan da abin da ya ji a karatu, cewa da dama ake ci, Shaiɗan ne ke ci da hagu, ya dunƙule su wuri ɗaya ya yi imani da su. Ba mugu ba ne, wannan kam kowa zai shaide shi. Tsoro ne ya kama shi, kada ɗiyarsa ta tashi tana ciyar da wani ba kanta ba. Damina guda cur hannunta na ɗaure daga hantsi zuwa magariba. Da kaka ta zo ya ga tana kai tuwo baki da dama, ya yanka zakara ya yi sadaka. Tun daga ranar, duk wanda ya zo masa da kukan yaro bahago, Lantana yake nunawa.

Ta durƙusa ta gaishe shi. Ya amsa da rabin baki, maganar na fita a ja.

"Baba, wa yay yi maka wanga ɗauri?"

"Ni nis sa Mannir." Ya ɗaga haɓa yana nuna hannun dama. "Lalaci na shi ka yi. In hagu na sake, dama ba ta tashi. Ke ma haka niy yi maki, ga ki nan."

"Likita ya ce jijiya ta, Baba. Ba a tada ta da igiya."

"Likita yaro na. Ni na gani da idona." Ya huta, ya haɗiye miyau da ƙyar. "Shekara saba'in ban ba Shaiɗan loma ba. Ba ni somawa yanzu da nike bakin kushewa. Hannun tsarki hwa, Lantana. Shi za ni kai baki?"

Nan ta gane dalilin da ya sa maganar Liman ba ta shiga ba. Liman littafi ya kawo, shi kuwa tsohon yana da shaidarsa mai rai, mai 'ya'ya huɗu a Bungudu. Muddin ya yarda igiya ta gyara ta, zai zauna a tabarmar nan yana jiran mataccen hannu har yunwa ta ɗauke shi. Ita ce hujjarsa, kuma ita kaɗai za ta iya rushe ta.

Abin ya yi mata nauyi ƙwarai. Shekara talatin da uku tana ɓoye wannan hannu. In za ta zo gida, ba ta taɓa riƙo ɗinki. In ya kai mata ziyara, allura da zare na shigewa ƙarƙashin katifa kafin ya gama sallama. Ba tsoron duka take ba, ta wuce nan. Yadda fuskarsa ke haske in yana ba da labarinta ne ba ta son kashewa. Tsoho ne mai abin alfahari kaɗan, gona biyu da sahun farko a masallaci da ɗiyar da ya ƙwato daga aljani.

Ta tashi ta shiga ɗakin Inna, ta ɗauko allura da zare a cikin gwangwanin da suke zama tun tana yarinya. Ta dawo ta zauna daf da shi.

"Baba, diba nan."

Ta riƙe zaren da dama ta nufi kafar allura. Ya goce. Ta lasa ta sake, ya goce. Sau biyar tana yi yana gocewa, kuma Allah ya sani ba da gangan take ba. Sannan ta juya, allura a dama, zare a hagu. Sau ɗaya ya wuce. Ta mayar da allurar hagu, ta kamo bakin rigarsa inda ya ɓarke, ta bi shi da ɗinki ƙanana a jere, kafin ya ƙifta ido sau uku ta ƙulle ta cije zaren.

Tsohon ya dubi ɗinkin, ya dube ta.

"Tun yaushe?"

"Tun ranar da anka kwance ni. Igiya ba ta tada komi ba, Baba. Hannuna na dama lahiya lau ya ke, ba kamar naka ba, amma har yau aiki guda ɗai yas sani, shi kai abinci baki. Shi ma ina yi don sunna ta, kuma ina iyawa. Kai ko ba ka iyawa, Allah bai ɗora maka ba." Ta sunkuyar da kai, don abin da ya rage ya fi wuyar faɗi. "Hulag ga da ke kanka, da hagu niy yi ta. Da wadda ta riga ta, da duk wadda nit taɓa kawo maka."

Shekara shida yana kai goshinsa ƙasa da wannan hula. Ita ya sa ranar da ya ɗaura auren Mannir, ita yake cirewa ya miƙa wa baƙi su ga aikin hannun da ya gyara. Lantana ta jira ya ce a cire masa ita. Ta ji tsoro kamar tana da shekara biyar.

Kaza ta zo ta leƙa kwanon, Inna ta kore ta daga nesa. Can ya motsa kafaɗa, ya ce a hankali, "Igiyag ga na cina."

Ƙullin ya ƙi, sai da ta sa haƙori. Wuyan hannun ya kumbura, igiya ta yi masa zobe ja. Ta kawo buta da sabulu ta wanke shi har gwiwa, yatsa bayan yatsa, yana kallo. Ta ce wa Inna ta ɗauke wannan miyar kuɓewar, santsi gare ta, ta kawo ta kuka mai kauri, da tuwon da ya huce.

Ya yi bisimilla ya kai hannu. Ya yanko ƙatuwar loma irin ta manomi, ya tsoma, kafin ta kai rabin hanya ta sulale ta faɗi a kan rigarsa. Ya runtse ido don kunya, ya soma janye hannun zuwa baya.

"Tsaya, Baba. Ba haka a ka yi ba." Ta jawo kwanon ta ajiye shi a gefen hagunsa, daf da cinya. "Yanko 'yar ƙarama, kamar ta goyo. Kak ka mulmula ta a iska, danna ta ga bakin kwano, kwanon shi riƙe maka. Yauwa. Sa babban yatsa ka yi mata rami, miya ta zauna ciki. Yanzu kafa gwiwar hannu bisa ƙahwarka. Kak ka ɗaga hannun, bai san hanya ba. Kai za ka sauko da baki ka iske shi."

Ya sunkuyo. Lomar ta shiga. Ya daɗe yana taunawa da gefe ɗaya, maƙogwaronsa ya motsa, ta wuce. A bakin madafa Inna Jummai ta toshe baki da gefen zane. Ya yanko ta biyu, ya danna ta a bakin kwano ba tare da an gaya masa ba. Ta uku ta zube, ta huɗu ta shiga.

Sai ya tsaya, ya dubi kwanon, ya dubi gwiwar hannunsa inda ta kafe.

"Wagga dabara duka, wa yak koya maki?"

Ta so ta ce Inna. Ta so ta ce ta manta. Amma ƙarya ta ƙare mata a wannan rana.

"Ba kowa, Baba. Yunwa ta. In na zubar ba a ƙara mani."

Shi ne ya kafa wannan doka, kuma ta ga ya tuna. Gefen fuskarsa mai motsi ya yi rawa, ɗayan ya tsaya yadda ciwo ya bar shi. Hawaye kuwa ta ido biyun suka zubo.

"Miƙo hannunki."

Ta miƙa dama, yadda ta saba a gabansa.

"Ba wanga ba."

Ta fito da hagun daga ƙarƙashin mayafi. Ya kama shi da nasa hagun, duk miya, ya juya shi. Tabon igiyar na nan a wuyan hannu, siriri, ya yi fari, sai wanda ya san da shi zai gan shi. Ya ɗora babban yatsa a kai, zoben da ke nasa hannun na daf da nata.

"Kina 'yar shekara biyar," ya ce. "Ina zaune ina kallo, ina cewa alhamdu lillahi. Ki yahe mani, Lantana."

Ta bar masa hannun har ya gaji ya saki da kansa. Sannan ta share ido da gefen mayafi, ta gyara masa zaman hular da ta karkace, ta matso da kwanon.

"Na yahe, Baba. Yanko 'yar ƙarama."