Tuwon Gamba

Gonar Idris da ke kwarin Ibohamane ita ta ciyar da gidan nan tun matarsa Mariama tana amarya. Lokacin bakuna kaɗan ne. Yanzu kuwa da an sauke tukunya jikoki kan taso mata kamar fara, har tsohuwar ta daina wahalar tuna sunayensu. 'Ya'yanta maza ba su iya komai ba kamar yanka ragon suna. Kowa ya tafi ci-rani Abijan, ya dawo da rediyo, ya bar sabon ciki ya koma.

Ana share makokin Idris, babbansu Sha'ibu ya ce a raba gona.

"Ku bar ta gandu guda," in ji Mariama. "Gonag ga ba ta ƙaruwa, ku ka ƙaruwa. In kun yayyanka ta, ni ina zan ci?"

"Haba Inna, mi kika tsoro? Ga rabonki nan tsakiya. Ni ɗiyana sun hi yawa, ba ni noma ma wani."

Aka raba tsakanin Sha'ibu da ƙannensa, Halidu da Ado. A nan Adar da gamba ake yin iyaka, doguwar ciyawar nan ta saƙa zana, kuma layi ɗaya ya isa tsakanin mutanen da suka yarda da juna. To, Halidu bai yarda da Ado ba, sai ya dasa nasa layin gefen na farko. Ado ya ga haka ya ƙara nasa. Sha'ibu, da yake babba ne, ya ga bai kamata iyakarsa ta fi ta ƙannensa sirantaka ba. Mariama ta tsaya da haushi tana kallon ƙatti masu gemu sun tsuguna suna lallashin ciyawa, hatsi na can yana jiran noma.

Ita kuwa gamba ba ta san kunya ba. Kafin damina ta zagayo ta yi ƙugu, ta rufe ɗan zirin tsohuwar ta kowane gefe, saiwa ta haɗu da saiwa. Abin da Mariama ta shuka ko kai bai fitar ba.

Kaka ta yi, dammunan hatsi ba su taka kara sun karya ba, amma zana sai wanda ya gani. Kowane gida ya sha sabuwar danga, kowane rumbu ya samu sabuwar hula, masu wucewa zuwa kasuwar Keita har tsayawa suke suna yabawa.

Mariama ta ɗauki ƙwarya ta je wurin Sha'ibu. Ya nuna mata yaran da suka cika tsakar gida, ya ce ta gwada Halidu. Halidu ya tura ta gun Ado. Ado ya aiko a ce ba ya nan, alhali tana jin rediyonsa. Ta koma da ƙwaryarta wayam. Abin ya yi mata ciwo fiye da yunwar.

Ran Juma'a ta aika musu su zo cin tuwo bayan masallaci. Ba wanda ya makara. Suka wanke hannu, suka kewaye akushi, Sha'ibu ya ɗaga faifai. Gamba ce, an yayyanka ta ƙanana, an kwarara mata miyar kuka.

"Bisimilla," in ji ta. "Abin da kunka noma ne. Ku ci, ku rage ma ɗiyanku."