Jigon Baba Ya'u

"Sake ja, Datti!"

Datti makanike ya sake fizgar igiyar injin ban ruwan. Injin ya yi tari sau biyu, ya yi shiru. Kwana uku ke nan albasar Baba Ya'u a fadamar Gude ba ta sha ruwa ba, ganyen har ya fara kwanciya.

"Baba, zuciyarsa ce ta buga. Sai na samo kaya a Gwarzo ranar kasuwa."

"Ashe tsarana ne," in ji tsohon. "Bar shi ya huta."

Zulaihat, 'yar maƙwabcinsa, ta kawo wa mahaifinta abinci ne. Aikin gona ta karanta a jami'a, kuma tun ɗazu ta hango ruwa kwance a gindin gorar fetur ɗin da aka zuba wa injin. A tsiyaye shi kawai, shi ke nan. Ta buɗe baki. Maza biyar ne a wurin, har da mahaifinta. Ta sunkuyar da kai, ta ce a ranta sai gobe.

Washegari ta tarar Baba Ya'u ya kafa jigo a bakin rijiya irin na zamanin mahaifinsa: doguwar sanda, curin laka a gindi, guga a baki. Yana ja, itacen yana kuka. Rigarsa ta jiƙe sharkaf, leɓɓansa sun yi fari.

"Injiniya! Zo ki ga injin kakanninki. Wannan ba ya shan mai, gumi yake sha."

"Sannu da aiki, Baba. Dama injin nan..."

"Kar ki damu, 'yata. Datti ya san aikinsa."

Ta ce to.

Har gonarsu take jiyo kukan jigon. Ana gab da la'asar ya tsaya. Aka sami tsohon zaune ya jingina da turken jigon, igiyar guga a hannunsa. Kafin magariba an kai shi makwancinsa.

Ranar sadakar uku, matarsa Gwaggo Asiya ta riƙe hannun Zulaihat. "Bai taɓa cewa ƙirjinsa na ciwo ba. Albasar ma ga ta can, za ta bi shi."

Da hantsi Zulaihat ta gangara fadamar ita kaɗai. Ta juye tankin, ta kwance ƙusar da ke ƙasan kafireta. Ruwan da ya zubo a tafinta bai cika cokali biyu ba. Ta zuba sabon mai. Ja ɗaya, injin ya tashi.

Ta tsaya tana kallon ruwan yana bin magudanar ƙasa zuwa cikin albasar, fangali bayan fangali, har ya isa na ƙarshe, wanda rabinsa kawai tsohon ya shayar. Sawayensa na nan a busasshiyar laka. Ruwan ya cika su ɗaya bayan ɗaya.

A bayanta gugan yana lilo, itacen yana kuka a hankali.