Irin Dawa a Jirgin Gwangwani

Shekara uku ina shirya wa mutanen Khartum ƙarya suna kallo. Masu zargina sun yi yawa, amma wadda ta kama ni dumu-dumu kakata ce, wadda ko kunna talabijin ba ta iya ba.

Sunana Zakiyya, a unguwar Alhilla Kuku aka haife ni. Ni ce marubuciyar wani wasan kwaikwayo da wata ƙaramar tasha take nunawa duk Alhamis. Da Larabci muke yinsa, sunansa in an mayar da shi Hausa, Ayarin Sama. Labarin mutum ɗari uku ne da suka bar duniya a jirgi, suka nufi wata duniyar da sai an yi shekara ɗari kafin a kai. In ka ji jirgi kada ka sa ran abin kirki. Usta Salih, wani maƙerin gwangwani a Kasuwar Umdurman, shi ya haɗa mana cikinsa a rumfar bayan shagonsa da tsofaffin durom da ƙofofin firji. Amma in Hisham, daraktanmu, ya rufe ƙofa ya kunna shuɗiyar fitila, sai ka rantse tsakanin taurari kake.

A shekara ta uku abubuwa suka taɓarɓare. Kuɗin ƙasar ya faɗi, kamfanin biskit da yake ɗaukar nauyinmu ya janye, masu kallo kuma suka sako mu gaba a Fesbuk. Wani malamin kimiyya ya rubuta cewa shekara uku mutanen jirginmu suna haɗiyar ƙwaya ɗaya a matsayin abinci, rigunansu kullum sababbi, ba wanda ya taɓa tambayar inda suke samun ruwa. Na ji haushi ƙwarai, musamman da yake gaskiya ya faɗa.

Ustaza Nahla, shugabar shirye-shiryen tashar, ta kira ni da Hisham ofishinta. Ba ta da ɓoye-ɓoye.

“Kashi ɗaya ya rage muku,” ta ce. “Na san kin rubuta cewa za su sauka a sabuwar duniya. Wannan sai an kwashi mutane an kai hamada, sai an biya masu zanen kwamfuta. Ba mu da kuɗin, khalas. Ku yi abin da za ku yi a cikin gwangwaninku. In na gani na yarda da shi, zan nemo muku wani kamfanin. In ban yarda ba, a rufe.”

Na fito raina a ɓace. Shirin nan shi ne abu ɗaya da na taɓa yi wanda ya sa 'yan unguwarmu suka daina tambayata yaushe zan nemi aikin gaske. Kuma ta yaya za a ƙare labarin matafiya ba tare da sun isa ba?

Da la'asar na koma gida na tarar an kawo wuta, ana maimaita wani tsohon kashi na shirina a talabijin. Kakata Hadizatu, wadda duk gidan muke kira Habboba kamar yadda Larabawa suke kiran kaka, tana zaune a kan angarib ɗinta, wato gadon igiya, tana tsince wake a faifai. Ta haura tamanin. Ban taɓa ganin ta ɗaga kai don shirina ba, amma ranar ta kafa wa akwatin ido.

“Ya Zakiyya, waɗannan ina suka nufa?”

Na yi mata bayani a gajarce, irin bayanin da ake yi wa wanda aka raina. Na ce tafiyar shekara ɗari ce.

“Shekara ɗari?” Ta ajiye faifan. “Waɗannan ba matafiya ba ne, 'yan biki ne. Ina irinsu? Ina allurarsu? Ina likkafaninsu? Wallahi ko Abashe ba za su kai ba.”

Na yi dariya na ce, “Habboba, wannan sama ce, ba hanyar jaki ba.”

“Sama ko ƙasa, ciki ɗaya ne. Wanda zai yi doguwar tafiya ba guzuri yake ɗauka ba, guzuri ƙarewa yake. Iri yake ɗauka.”

Na san tarihinta sama-sama, yadda duk ɗan unguwarmu ya san na gidansu. Tana da shekara bakwai iyayenta suka taso daga Haɗeja da ƙafa da niyyar aikin hajji. Abin da ban taɓa zama na saurara ba shi ne yadda aka yi tafiyar. Ranar ta jero mini. A Maiduguri sun yi damina ɗaya suka noma. A Farlami babanta ya yi ɗinki. A Abashe aka haifi ƙaninta, a Fashir aka binne mahaifiyarta, a Ubayyid ita da kanta ta fara sayar da ƙuli-ƙuli. Duk inda abin hannu ya ƙare sai a sauke kaya, a yi aiki, a shuka, a girbe, a ƙara gaba.

“To, ai ku kun iso kun zauna,” na ce.

Ta dube ni kamar na zage ta. “Wa ya ce miki mun zauna? Nan Makka ce?”

Ta sa hannu ƙarƙashin angarib ta jawo wani ƙulli na farin ƙyalle da ya koma ruwan ƙasa. Tun ina rarrafe nake ganinsa, na ɗauka tsummokaran tsofaffi ne. Ta kwance shi a kan cinyarta. Akwai likkafani a naɗe, wanda ta ce duk shekara tana wankewa ta shanya. Akwai allura biyu a soke jikin fata, da zare, da ɗan dunƙulen kanwa, da ƙaramar ƙwarya. Sai wani gwangwanin madara cike da toka. Ta tona tokar da yatsa ta zubo mini ƙwayoyin dawa a tafin hannu, jajaye, manya.

“Kaura ce, ta gonar babana. Toka tana hana ƙwari. Amma iri in ya daɗe a ajiye mutuwa yake, shi ya sa duk kharif, in ruwa ya sauka, nake shuka shi in ɗauki sabo.”

Nan na tuna. A bayan ɗakinta akwai wani ɗan fili, bai fi tabarma biyu ba, inda duk damina take shuka dawa. Mun sha yi mata tsiya a kai, muna cewa gonar da ko kaza ba za ta ƙoshi da ita ba. A wurin take alwala, ruwan ya gangara cikin kunya. Karan ta ba akuya, kashin akuyar ta mayar wa ƙasar. Ashe abin da malamin kimiyya yake nema a jirgina yana bayan gidanmu, ina tsallake shi kullum in tafi wurin aiki. Shekara saba'in da wani abu matar nan tana raya hatsin Haɗeja hannu da hannu, don ranar da za a ci gaba da tafiya.

Washegari da hantsi na hau hafila, motar haya, na tsallaka gadar Shambat zuwa Umdurman. Na ratsa layin masu yaji da na masu yadi har na isa layin maƙera, inda ƙarar guduma ba ta barin mutum ya ji kansa. Na faɗa wa Usta Salih abin da nake so: ya tsaga mini durom shida a tsaye, ya huda ƙasansu, ya haɗa bututu daga wurin wanke hannu na jirgin zuwa cikinsu.

Ya cire tabarau ya goge gumi. “Dawa a cikin jirgin sama, ya bitti, 'yata?”

Na buɗe hannuna ya gani. Ya ɗauki ƙwaya ɗaya ya juya ta a rana. Shi ma jikan takari ne, amma Hausarsa ta yi tsatsa.

“Kakana yana da irin ƙullin nan,” ya ce. “Da ya rasu muka raba kayansa, ba wanda ya san amfanin gwangwanin, aka zubar wa tattabaru.” Ya mayar da tabarau. “Tamam. Ba sai kin biya aikin hannu ba.”

Ya ƙara da dabararsa. Ya buɗe rufin rumfar tsaga uku, ya jera murafan tukwane da ya goge suka yi ƙyalli, suna karɓar rana suna jefa ta kan durom ɗin. Muka kawo ƙasa daga bakin Nilu a bayan raksha, keken haya mai ƙafa uku. Habboba ta ba ni cikin tafi ɗaya na irin, ta ce in na kashe mata shi kada in dawo gida. Hisham ya yi ta mita, wai mun mayar masa da jirgi gona, amma da yake ba shi da wata dabarar sai ya bi mu.

Bayan kwana goma sha biyu muka gayyato Ustaza Nahla. Habboba ta dage sai ta zo ta duba dawarta, don haka na ɗauko ta a raksha da ƙullinta a cinya, don ba ta yarda ta yi nisa da shi. Wajen ƙarfe goma sha ɗaya ne, rana ta take. Usta Salih ya ja ƙofar rumfar muka shiga.

Ni da na tsara abin, ni ma sai da na tsaya cak a bakin ƙofa. Haske uku ne suka sauko daga rufi suka daki murafan, suka bazu a bangon gwangwani. A tsakiyar wannan ƙarfe da tsatsa da wayoyin ƙarya, ga layi shida na tsiro kore shar, kowanne da ɗigon ruwa a bakin ganye. Ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya cika wurin. Shekara uku muna shiga jirgin nan da shuɗiyar fitila, ban taɓa jin cewa mutum zai iya rayuwa a cikinsa ba sai ranar. Hayaniyar kasuwa tana nan a waje, amma ba wanda ya ƙara jin ta. Na ji tsoron Allah ya kama ni, irin wanda yake kama mutum in ya tsaya a Mugran yana kallon kogi biyu suna haɗuwa.

Habboba ba ta kula kowa ba. Ta bi layin tana taɓa ganyen, ta ciro wani da ya matse ɗan'uwansa, ta yi wa Usta Salih faɗa cewa ruwan ya yi yawa. Da ta gaji sai ta nemi wurin zama, ba ta samu ba sai kujerar kyaftin. Ta hau abinta ta kwance ƙullin tana gyara naɗin likkafanin. Na ga Hisham ya ɗaga kyamara a hankali.

Ustaza Nahla ta nuna farin ƙyallen ta tambaya da Larabci, “Hajja, wannan na mene ne?”

“Na wanda ba zai isa ba,” Habboba ta ce. Ta ɗaga gwangwanin tokar. “Wannan kuma na wanda zai isa. Ba mutum ɗaya ba ne, ya bitti. Wanda ya taso daban, wanda zai sauka daban. Aikin na tsakiya kada ya bar irin ya mutu.”

Ta nuna ni da haɓa. “Kamar wannan. A hanya aka haife ta, amma ita gani take gida ne.”

Ban san lokacin da hawaye ya zubo mini ba, ni da nake taƙama ba na kuka a gaban mutane. Ustaza Nahla ta ciro hankici ta juya baya kamar tana duba bututun Usta Salih. Da ta juyo ta ce wa Hisham, “Kada ka yanke ko daƙiƙa ɗaya.”

Haka muka yi kashin ƙarshe. Mutanen jirgi ba su sauka ko'ina ba. Injin ƙwayar abincinsu ya lalace, sai wata tsohuwa da ba wanda ya taɓa kula da ita ta fito da ƙulli. Habboba ta ƙi haddace ko kalma ɗaya daga rubutuna, ta ce ita ba 'yar wasa ba ce, don haka muka bar ta ta faɗi nata. Bayan an nuna, malamin kimiyyar nan ya rubuta cewa dawa za ta buƙaci haske fiye da wanda muka nuna, amma a karon farko ya yarda mutanen nan za su rayu. Daga unguwar Mayo har Haj Yusuf tsofaffi suka riƙa aiko mana da hotunan ƙullin iyayensu. Ustaza Nahla ta samo wani kamfanin sabulu, aka ce mu fara ɗaukar shekara ta huɗu bayan ƙaramar salla.

Ba mu kai ga sallar ba. Ranar wata Asabar cikin azumin, da safe, harbi ya tashi a Khartum. Muka yi kwanaki a kulle muna cewa gobe zai lafa, har ruwan randa ya ƙare. Jirginmu yana can Umdurman, tsakaninmu da shi gada da bindigogi, kuma har yau ban san abin da ya same shi ba. Da aka samo motar da za ta yi gabas da mu, gidan ya rikice. Babana yana neman takardun gida, innata tana kuka a kan kwanukanta, ni kuma na tsaya a tsakar ɗaki da rubutun shekara ta huɗu a hannu, na rasa abin da zan ɗauka da wanda zan bari.

Na fito tsakar gida don in taimaka wa Habboba ta shirya. Na same ta a bakin ƙofa, ta riga ta sa takalmi, ƙullin yana kanta. Ta miƙo mini gwangwanin tokar ta ce in sa a jakata, tunda ƙafata ta fi tata ƙarfi.

“Ku yi sauri,” ta ce. “Dama mun daɗe a wannan zangon.”