Shanyar Baba Mai Wanki

Wata uku Malama mai bincike ta yi tana yawo da takardun tambayoyi a unguwar gangare, don ta gano abin da ke hana mutane tashi in an busa jiniyar ambaliya. Abin ya dame ta sosai, domin innarta a can take, gidanta ne na ƙarshe a bakin kwalbati.

Amsar ba ta da wuya. Shugaban ofishin gargaɗi, Allah ya shirye shi, duk baƙon da ya zo sai an busa masa jiniyar ya ji zaƙinta, har awakin unguwar sun daina ɗaga kai. Abin da mutane ke dubawa shi ne shanyar Baba mai wanki. In ya kwashe kaya da rana tsaka, kowa sai ya naɗe katifa ya hau tudun makaranta.

Malama ta rubuta: a bar wasa da jiniya, a riƙa yi wa Baba waya.

"Kai, madalla!" in ji Shugaba. Ya sa aka ɗinka wa Baba riga mai tambarin ofis, aka gayyace shi taron bita a otal, a ɗakin da ko taga babu. Kafin a tafi da shi aka sa ya cika igiya da kaya don a ɗauki hoto.

Ana tsakiyar jawabi saƙo ya shigo: ruwa mai ƙarfi nan da awa ɗaya. Aka busa jiniya. Malama ta kira innarta a waya.

"Inna, ki tashi yanzu!"

"Ina za ni? Ga shanyar Baba can tana kaɗawa."

"Baba yana nan tare da ni!"

"To gaishe shi."

Ta roƙi a saki tsohon. Shugaba ya ce haba Malama, bai karɓi takardar shaida ba tukuna.

Ta fice ta tare babur. Tana isa ta cire takalmi ta hau fizgar kaya daga igiya, riguna da zannuwa da wandon wani, ta rungume ta nufi tudu.

"Ɓarauniya! Kayanmu!"

Wallahi unguwar nan ba ta taɓa tashi da sauri irin na ranar ba. Tela da almakashinsa, mai shayi da ludayi, mata da goyo, duk suka bi ta. Can baya ga Inna tana ɗingishi tana ihu, "Kada ku taɓa ta! 'Yata ce, karatu ne ya yi mata yawa!"

Suna kaiwa ƙofar makaranta sama ta ɓalle. Da suka waiwaya, ruwa ya riga ya kai tagar ɗakin Inna.

Inna ta daɗe tana kallo. Sannan ta zare zani ɗaya daga cikin kayan satar, ta lulluɓa wa 'yarta da ke rawar sanyi.