Da Sauƙin Zubaida

"Yaya jikin yarinyar?" in ji nas ɗin, idonta a kan takarda.

"Da sauƙi," Zubaida ta ce, kai a sunkuye.

Haulatu, maƙwabciyar da ta rako ta asibiti daga Sandamu, tana layin yankar kati, ba ta ji ba. Wane Bahaushe aka taɓa tambaya ya ce babu sauƙi? Ko wanda ake laƙƙana wa kalmar shahada, da sauƙi zai ce. Amma nas Amarachi watanta uku a Daura, Hausar kasuwa ta iya, ga yara sun fi hamsin a gabanta ita kaɗai. Ta taɓa goshin yarinyar, Khairunnisa, ta ji ba zafi, ta nuna musu ƙarshen benci.

Haulatu ta dawo ta karɓi goyon, don 'yar fari ce, Zubaida ko sunanta ba ta faɗa. Wajen azahar Haulatu ta ji ƙafafun yarinyar sun yi sanyi ƙalau a kwiɓinta, numfashi na fita sama-sama.

"Ke, me kika gaya musu?"

"Na ce da sauƙi, Yaya. Ai zazzaɓin ya sauka."

"Kwana biyu ba ta kama nono ba, tun jiya ba fitsari. Kunyar ce za ta warkar da ita?"

Takaici kamar ya kashe Haulatu. Ta nemi likita, aka ce yana zagayawa da baƙi daga Katsina, masu duba ingancin ɗakin yara. Ta same su suna ƙirga gadaje. Ta ratsa tsakiyarsu, ta kwance goyon a gabansa.

Sai ga ma'aikata a guje. Cuta ta riga ta shiga jini, in ji likita. Allurar da ake so a yi cikin awa guda, sai bayan awa biyar aka yi ta. Kafin la'asar yarinyar ta cika.

Wata cikin baƙin ta matso da takardarta, ta tambaya a hankali ƙarfe nawa suka iso.

"Rubuta da hantsi," in ji Haulatu. "Ki kuma rubuta a daina tambayar uwa yaya jiki. A buɗe zane a duba."

A bakin ƙofa mai babur yana jira. Haulatu ta duƙa za ta goya gawar, Zubaida ta riƙe mata hannu.

"Yaya, ɗora mini ita."

Zubaida ta ɗaure zanen tam, ta ja mayafi ta rufe wa yarinyar kai saboda rana.